Tsibiran Ƙasar Katagum Suna Jiran Malamai

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu, akwai wata magana da ta yawaita a ɗakunan kwana da gindin itatuwan wannan kwaleji tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowa. Maganar kuwa ita ce ta samarin Turai da Amurka waɗanda su kan ɗauki jaka su tafi tsibiran tsakiyar teku, irin su Fiji, ko Filifin, ko Zanzibar, su ce sun je aikin sa kai. A kan ga hotunansu bisa farin rairayi, ga itatuwan kwakwa, ga yara sun kewaye su suna dariya. In ɗalibi ya gani sai ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Kai, ina ma a ce ni ne!" Wani har ya kan tambayi yadda a ke cika takardar neman zuwa.

Ban ga laifin mai wannan sha'awa ba. Tafiya mabuɗin ilmi ce, son taimakon jama'a kuwa shi ne ya kamata ya kawo mutum kwalejin horon malamai tun da fari. Amma ina so mu tsaya mu yi wa kanmu tambaya biyu. Ta farko, wane tsibiri ne ya fi bukatar ɗalibin Azare? Ta biyu, wane irin zuwa ne ke amfanin mutanen tsibiri, wane iri ne kuma ke amfanin mai zuwan shi kaɗai? Abin da na ke gani shi ne, tsibirin da ya fi bukatarmu yana nan cikin ƙasar Katagum, kuma zuwan da ke da amfani shi ne na wanda ya zauna, ya koyar, ya bar magaji. Ga dalilaina.

Da farko mu san abin da a ke kira tsibiri. Tsibiri dai ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye, ba a shiga ba a fita sai da jirgi. Ba lalle sai ruwan gishiri ba. In haka ne, ashe muna da tsibirai, sai dai namu na damina ne. Kogin Jama'are ya taso daga duwatsun Jos, ya biyo ta ƙasar Ningi, ya wuce Jama'are, ya gangara Katagum, sa'an nan ya je ya gamu da Kogin Haɗeja wajen Gashuwa. A kan ruwan Haɗeja an gina madatsar Tiga cikin 1974, da ta Challawa cikin 1992, amma Kogin Jama'are ba shi da babbar madatsa, don wadda aka yi shirin ginawa a Kafin Zaki ba a gama ta ba. Saboda haka ko wace shekara, daga Agusta zuwa Oktoba, sai kogin ya cika ya batse, ya malale fadamu. Ƙauyukan da ke bisa jigawa a ƙasar Zaki, da Itas da Gadau, da Jama'are, da Shira, waɗansunsu sai su koma tsibirai sosai, ba babur ba amalanke, sai masu fito. Shekarar da ruwa ya yi yawa kuwa, kamar 2012 da 2022, abin ya kan wuce misali. A daminar 2024 ma ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a nan cikin ƙasar Katagum. To, in babbar hanya mai kwalta ta yanke, ina ga turbar ƙauye?

Kada wani ya ce, me ya hana mutanen su tashi su koma tudu? Wannan ruwa shi ne arzikinsu. Shi ke ba su shinkafa, shi ke ba su kifi, in ya janye kuma ya bar musu laima su yi noman rani, Filani su sami ciyawa. Mutum ba ya barin rumbunsa don makaranta. Makaranta ce ya kamata ta san yadda za ta bi shi.

Yanzu mu duba yadda makarantar irin wannan ƙauye ta ke. Sau da yawa malaminta ba ɗan garin ba ne. Iyalinsa suna babban gari, shi kuwa ya kan zo da safe bisa babur, ya koma da azahar. Da rani ba laifi. Amma a kan koma makaranta cikin Satumba, daidai lokacin da ruwa ya kai maƙurarsa. Malam ya zo bakin ruwa, ga kuɗin fito zuwa da dawowa ko wace rana, ga tsoro, sai ya juya. Yara su zo ran farko su ga ƙofa a rufe, su zo ran na biyu haka, ran na uku sai uba ya ce, "Bi ni gona, ko ka ɗauki gora ka tafi su." Kafin ruwa ya janye malam ya dawo, an shiga yankan shinkafa, zango ya kusa ƙarewa. Ku yi lissafi da kanku. Shekarar makaranta zango uku ce, firamare kuwa shekara shida. Yaron da ya rasa zango ɗaya ko wace shekara ya rasa zango shida ke nan, watau shekara biyu cur. Sa'an nan a zaunar da shi jarrabawa ɗaya da ɗan Azare, in ya faɗi a ce ba shi da ƙwaƙwalwa. Wannan ba adalci ba ne.

In kuwa kuna so ku ga tsibirai na dindindin, sai ku bi wannan ruwa namu har inda ya ƙare. Bayan ya gamu da na Haɗeja a kan kira shi Komadugu Yobe, ya bi ta Gaidam da Damasak, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar, ya faɗa Tafkin Cadi. Cikin wannan tafki akwai tsibirai barjat, mutanen wurin suna kiransu tumbu. Asalin mazaunansu su ne waɗanda Barebari ke kira Buduma, su kuwa suna kiran kansu Yedina. Suna ɗaure ciyawar ruwa su yi jirgi da ita, suna da shanu masu manyan ƙahoni da a ke kira Kuri, waɗanda su kan yi iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan neman kiwo. Cikin 1963 faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Da aka yi fari na 1973 da na 1984 sai ya janye ƙwarai, har abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin goma ba, sababbin tumbuna suka fito, Hausawa masunta da manoma suka yi ta ƙaura can. Bandar Baga da a ke ci har Kudu yawancinta daga nan ta ke fitowa.

Jama'a masu yawa haka sun zauna shekara da shekaru, kifinsu yana fita, haraji yana fita, amma malami da likita ba su cika shiga ba. Kowa ya san abin da ya biyo baya. Masu ɗauke da makamai suka mai da tumbuna maɓoyarsu, cikin Janairu 2015 aka auka wa Baga kanta, mutane dubbai suka watse. Ban ce rashin makaranta kaɗai ya jawo wannan masifa ba, dalilanta suna da yawa. Amma akwai abin lura: wurin da malami ya ƙi zuwa, wani ya kan je, ya koya wa yara abin da ya ga dama. Ba na kuma ce wa ko wane ɗalibi ya kama hanyar Tafkin Cadi, wannan sai ran da hukuma ta tabbatar da zaman lafiya. Na kawo labarin ne don mu gane cewa ruwan da ya wuce ta Katagum shi ne ya kewaye waɗancan tsibirai, sakacin da aka yi can kuwa bai kamata mu yi shi nan ba.

To, mu koma ga su Turawan da mu ke sha'awa, mu ga yadda nasu aikin ya faro, don akwai abin koyi ciki. Wani Bature mai suna Alec Dickson ya yi aiki a wannan yanki namu na Afirka. Shi ne ya kafa wurin horon samari a Man O' War Bay, a bakin teku cikin Kamaru, a farkon shekarun 1950, lokacin da a ke mulkin wannan sashe tare da Nijeriya. Daga nan ne sunan 'yan Man O' War da ku ke gani a makarantu ya samo asali. Da ya koma Ingila, shi da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar VSO cikin 1958, suka fara aika samari waɗanda suka gama sakandare zuwa ƙasashen waje su yi shekara guda suna koyarwa. Cikin na farkon akwai waɗanda aka kai Sarawak, a tsibirin Borneo. Amma ga abin da ba a cika faɗa ba. Cikin 1962 wannan mutum da matarsa suka sake kafa wata ƙungiya, wadda aikinta shi ne ta aika samarin Ingila su yi taimako cikin Ingila kanta, a gidajen marayu da asibitoci da wurin tsofaffi. Watau wanda ya buɗe hanyar tsibiri mai nisa, bayan shekara huɗu sai ya ga ashe a bayan gidansu ma akwai masu jira.

Amurka kuma ta kafa tata ƙungiya, Peace Corps, cikin 1961, zamanin Shugaba Kennedy, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da aka fara aiko su. Cikin Oktoba na wannan shekara wata budurwa daga cikinsu, tana karɓar horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ta rubuta wa wani abokinta 'yar wasiƙa a bayan kati, ta bayyana ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin bai kai Amurka ba, sai ya faɗa hannun ɗalibai. Suka kwafe shi, suka rarraba, suka yi taron nuna fushi, ala tilas yarinyar ta bar ƙasar. Mai yiwuwa ba ta yi nufin cin mutuncin kowa ba, amma ta zo taimako, ta ɓuge da ba da labarin tsiraicin masu masaukinta. Ku lura, 'yan'uwa, yau ko wannenmu yana da irin wannan kati cikin aljihu, mai ɗaukar hoto, mai kai labari duniya cikin ƙiftawar ido. Ɗalibin da ya je ƙauye ya ɗauki hoton yaro da yagaggiyar riga ya sa a Facebook don a yaba masa, ya yi abin da ya fi na waccan budurwa muni, don ita baƙuwa ce, shi kuwa ɗan gida ne.

Ƙasar Katagum ta daɗe da sanin matafiya iri biyu. Cikin Disamba 1823 Turawa biyu suka taso daga Kukawa za su Kano. Ɗaya, likita Oudney, ya rasu a Murmur kusa da Katagum. Ɗayan, Clapperton, ya shiga birnin, Sarki Ɗan Kauwa ya karɓe shi da girma, ya huta, ya duba ganuwa da kasuwa, ya rubuta, ya wuce. Abin da ya rubuta ya amfani mutanen ƙasarsu. Wannan shi ne matafiyi na farko, mai gani ya wuce. Na biyu kuwa shi ne malamin tsangaya, wanda ya kan zo gabas da almajiransa, ya sauka bayan gari, ya gai da mai gari, a ba shi fili ya kafa bukka, a ba shi gona. Ya ci abin da a ke ci, ya sha ruwan da a ke sha, ya je suna ya je jana'iza. Ran da zai tashi, ya bar wani cikin 'yan garin wanda ya iya biya wa yara allo. Da irin wannan zuwa ne karatu ya shiga lungunan ƙasar nan, ba mota ba albashi. A wajen mata ma haka Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi a ƙasar Sakkwato, ta naɗa jajis, ta ba su malfa, suka riƙa kai ilmi ga matan ƙauyuka. Ashe aikin da mu ke ganin na Turawa ne, kakanninmu sun riga sun shimfiɗa mana ƙa'idarsa.

Ƙa'idar kuwa, in an tattara ta, uku ce.

Ta farko ita ce zama. Wanda ya je kwana uku ya raba alli da biskit ya dawo, yawon buɗe ido ya yi. Yaro ba ya koyon haɗa baƙi cikin kwana uku, kuma in ya saba da malami yau gobe ya ga ya tafi, sai ya daina amincewa da na gaba. Ƙasar Indunusiya tana da tsibirai wajen 17,000, ita ma ta sha wahalar samun malaman da za su yarda su tafi nesa. Cikin 2010 aka kafa wata ƙungiya a can, Indonesia Mengajar, wadda ta riƙa zaɓen samari da 'yan mata waɗanda suka gama jami'a, 'yan ƙasar, a yi musu horo na 'yan makonni, a kai ko wanne ƙauye ya yi shekara guda cur, yana kwana gidan wani mutumin garin. In shekararsa ta cika sai wani ya gaje shi, haka har shekara biyar a yanki ɗaya. Sun gane cewa sauƙin abu ne a fara, wuyar ita ce a ɗore.

Ta biyu ita ce ladabi. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma sai da ɗan gari a kan ci gari. Mai fito ya san inda ruwa ke da gurbi, tsohuwa ta san watan da tsargiya ta fi kama yara, liman ya san gidan da in aka shawo kansa sauran za su bi. Ɗalibin da ya shiga gari yana ganin shi ya zo da haske su kuwa suna cikin duhu, ba zai daɗe ba. In yaran Filani ne, ya koyi gaisuwa da ƙirga da Fulatanci, in na Barebari ne, da Barbarci. Ya tambayi iyaye wane lokaci ne ya fi musu sauƙi su saki yara, in da sassafe a ke duba taru, to a fara karatu da hantsi. A Legas an gina wata makaranta mai yawo bisa ruwa a unguwar masunta ta Makoko cikin 2013. Hotonta ya zaga duniya, aka yi ta yabo, amma cikin Yuni 2016 ruwa da iska suka rushe ta, Allah ya sa ba kowa ciki. A Bangaladash kuwa, inda ambaliya ke yanke ƙauyuka ko wace shekara kamar namu, wani ɗan yankin mai suna Mohammed Rezwan ya fara makaranta cikin jirgin katako irin wanda mutanensa suka saba sassaƙawa, cikin 2002. Jirgin ya bi mashigai ya ɗebi yara, a yi karatu ciki, ya mai da su. Da ya ke abin ya fito daga hannun 'yan gari, suna iya gyara shi, sai ya yaɗu.

Ta uku ita ce barin magaji, ita ce kuwa babba. Ku tuna da kurkunu. Binciken da aka yi cikin 1988 zuwa 1989 ya sami mutum fiye da 650,000 masu wannan ciwo a Nijeriya, ba ƙasar da ta kai mu yawa a lokacin. Ba allura gare shi ba, ba ƙwaya. Abin da aka yi shi ne, a ko wane ƙauye aka zaɓi mutum ɗaya ko biyu 'yan garin, aka koya musu su raba ƙyallen tace ruwa, su hana mai ciwo shiga tafki, su kai rahoto ko wane wata. Baƙi sun taimaka, tsohon Shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon sun zaga, amma waɗanda suka kashe kurkunu su ne waɗannan 'yan ƙauye da ba a san sunansu ba. Mutum na ƙarshe ya kamu cikin 2008, cikin 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ƙasar nan ta rabu da shi. Jahilci ma haka za a yi masa. Malamin da zai tsaya a tsibiri damina da rani shi ne wanda aka haifa a can, wanda gonarsa da uwarsa ke can. Aikin mai sa kai shi ne ya nemo wannan yaro, ya riƙe hannunsa, har ya kawo shi wannan kwaleji.

Na san akwai masu ja, kuma maganarsu tana da nauyi, don haka sai mu saurare su.

Waɗansu za su ce, ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne. Akwai dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 wadda ta wajabta wa gwamnati ta ba ko wane yaro ilmin firamare da ƙaramar sakandare kyauta. Akwai Hukumar Ilmin Makiyaya da aka kafa cikin 1989, wadda aikinta ya haɗa har da 'ya'yan masunta masu ƙaura. Akwai bautar ƙasa tun 1973, ko da ya ke kowa ya san yadda da yawa su kan nemi a sake musu wuri da zarar sun ji sunan ƙauye. Bai kamata aikin sa kai ya zama mafakar hukuma ba, har ta ce tun da ɗalibai suna yi kyauta ba sai an ɗauki malami ba. Amma ku duba, ƙauyen da ba wanda ya je, ba mai yi masa magana a ofis. Ɗalibin da ya zauna wata uku, ya dawo da rajista a hannu, ga sunayen yara, ga yawan kwanakin da aka buɗe aji, ga ajin da ba rufi, shi ne zai iya tsayawa gaban sakataren ilmi ya yi magana a ji. Gani ya kori ji.

Waɗansu za su ce akwai haɗari. Lalle akwai, kuma wanda ya ɓoye shi ya cuce ku. Jirgin fito ya kan kife in an cika shi fiye da kima ko an tashi da duhu. Akwai sauro, akwai tsargiya ga mai wanka a ruwan da ba ya gudu, akwai amai da gudawa in ambaliya ta shiga rijiya, akwai maciji da ruwa ya koro. Amma dukansu suna da rigakafi. A shiga gari tun ruwa bai yi ƙarfi ba, a zauna, kada a riƙa kai da kawowa. Kowa ya sami rigar da ke hana nutsewa, da gidan sauro, a tafasa ruwan sha. Kada a hau jirgi bayan magariba, kada a yi gardama da mai fito. A san asibitin da ya fi kusa da wanda zai kai mutum in ta ɓaci. Wurin da babu zaman lafiya kuwa ba a aika kowa. Mu tuna kuma, wannan haɗari da mu ke tsoro na wata uku, yaran can a cikinsa aka haife su.

Waɗansu za su ce, ɗalibin da ke fama da kuɗin makaranta ina ya ga abin yin kyauta? Wannan ma gaskiya ne, ba kuma daidai ba ne a ce ya ci bashi don ya yi alheri. Masauki da abinci su zama na gari, kamar yadda a ke yi wa malamin tsangaya, don abin da mutum ya sa hannunsa ciki ba ya yarda ya lalace. Kuɗin mota da magani da alli kuwa a nema daga ƙaramar hukuma, da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, da attajiran Azare, waɗanda ba a san su da rowa wajen aikin alheri ba.

Game da 'yan'uwanmu mata, iyaye da mazaje suna da hakkin su tambaya, a kuma ba su amsa mai gamsarwa. Kada a tilasta wa kowa. Amma wadda ta yarda, aka yarda mata, a haɗa su biyu ko uku, su sauka cikin gidan dagaci ko na liman, wurin matan gida. Bukatarsu ta fi ta maza, don akwai uban da ba zai saki 'yarsa ba sai ya ga mace a gaban allo, akwai kuma maganar tsabta da reno da matan aure ba za su yi da namiji ba.

To, ga shawarar da na ke miƙa wa shugabannin kwaleji da ƙungiyar ɗalibai. Ko wane ɗalibi dole ne ya fita gwajin koyarwa kafin ya gama. Yawancinmu mu kan nemi makarantun cikin gari, har a tara mutum goma a makarantar da ba ta rasa malami ba, suna rabon darasi kamar naman layya. A maimakon haka, a zauna da sakatarorin ilmi da hakimai, a zaɓi ƙauyuka biyar ko shida waɗanda ruwa ke yankewa, waɗanda kuma su da kansu suka ce suna so. A nemi masu sa kai, a yi musu horo na musamman kan koyar da aji mai yara manya da ƙanana a haɗe, da taimakon farko, da zama da mutane. A daidaita fitarsu da zangon da ruwa ke hana malamai zuwa. Malaman da ke duba su su daure su je har can, ko da sau biyu ne, don ɗalibi ba zai shiga jirgin da malaminsa ya ƙi shiga ba. A yi alkawari da ko wane ƙauye na shekara biyar, in waɗannan sun dawo waɗansu su tafi, rajista ɗaya, littafin aiki ɗaya, na baya ya ɗora daga inda na gaba ya tsaya. Ko wace ƙungiya kuma ta nemo saurayi ko budurwa 'yan garin da suka taɓa sakandare, su riƙa koyarwa tare, a taimake su su cika sharuɗɗan shiga kwaleji. In shekara biyar ta cika, ma'aunin aikin ɗaya ne: yara nawa suka iya karatu da rubutu, kuma 'yan garin nawa ne ke riƙe da alli?

Wanda ya yi wannan ba zai yi hasara ba. Zai dawo ya iya koyarwa ba tare da kayan aiki ba, ya iya magana da dattawa, ya san ƙasarsa, abin da ba a samu cikin littafi. In kuma wata rana Allah ya buɗa masa hanyar Fiji ko Zanzibar, to ya tafi, mu yi masa addu'a, don zai je da sana'a a hannu da kunya a ido, ba za a ce ya zo kallo ba.

Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta sa wannan magana cikin taronta na gaba, masu goyon baya da masu ja duk su faɗi albarkacin bakinsu, a kuma ji daga 'yan'uwanmu da suka fito daga waɗannan ƙauyuka, don su suka fi mu sanin inda ke yi musu ƙaiƙayi. In za a yi, a fara shiri tun da rani, kafin kogi ya kawo. Allah ya ba mu ikon yi, ya sa ilmin da mu ke nema ya amfani na tudu da na tsibiri baki ɗaya, amin.